Tambaya kan karatun tsara dandamali, haske da sauti, da yadda za mu shirya wasan makarantarmu

Malamin Adabi, ƙasar Birnin Kudu:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙauye, kuma ni nake kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar. Tambayata kashi biyu ce, ina roƙon masana su taimaka.

Na farko, akwai wani ɗalibina ɗan ajin ƙarshe wanda ba ya son fitowa gaban jama'a, amma duk abin da ya shafi haɗa waya, kafa labule da zana bangon wasa, shi ne a gaba. Yana so ya karanci wannan ɓangaren a jami'a. Mahaifinsa ya ce ba zai biya kuɗi ɗansa ya je ya koyi rawa ba. Shin akwai digirin da ake koyar da aikin bayan fage zalla? Me ake koyarwa a ciki, waɗanne darussa ake bukata, kuma wane aiki mutum yake samu bayan ya gama?

Na biyu, a watan Disamba za mu gabatar da wasa na kusan awa ɗaya kan tsaftar ruwan sha a filin makaranta, iyaye da mutanen gari za su zo. Ba mu da zauren taro, ba mu da wutar gwamnati. Akwai janareta mai kVA 2.5 da za a ara mana, akwai kafinta a garin, kuɗinmu kuma kaɗan ne. Ta ina za mu fara? Ina so yaron ya jagoranci aikin don mahaifinsa ya gani da idonsa.

Tsohon Ɗalibin Samaru:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da wannan kulawa da kake yi wa yaron. Zan ɗauki kashin farko.

A jami'o'in Najeriya galibi tsara dandamali da fasahar bayan fage ba digiri ba ne mai zaman kansa. Reshe ne a cikin digirin nazarin wasan kwaikwayo, mai shekara 4 ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, ko shekara 3 ga mai NCE ko difloma da ya shiga kai tsaye aji biyu. Mafi kusa da ku su ne Jami'ar Bayero a Kano, inda sashen yake ƙarƙashin Tsangayar Sadarwa, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Gaba kaɗan akwai Jami'ar Jos, kuma a Jos ɗin ne Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa take, idan hankalinsa ya fi karkata ga kyamara. Tushen fannin a ƙasar nan Jami'ar Ibadan ce, wadda ta buɗe makarantar wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1960. A Zariya an fara a 1975.

Abin da ya fi kayar da yaranmu na karkara shi ne Adabin Turanci. Ana bukatar kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma ya tabbatar ya samu Lissafi don kada a tsaya masa a kai. A JAMB zai ɗauki Turanci, Adabin Turanci, da darussa biyu irin su Hausa, Gwamnati, Tarihi ko Addinin Musulunci. Yara da yawa masu hannun fasaha suna ajin kimiyya, ba su yi rajistar adabi ba, sai lokacin cike fom su gane ƙofar a rufe take. Ka duba rajistarsa yanzu, sannan ka karanta littafin bayanin JAMB na shekarar, domin sharuɗɗan kowace jami'a suna ɗan bambanta.

Gaskiyar da ya kamata ya sani tun wuri: shekara biyun farko kowa da kowa ake haɗawa. Zai karanci tarihin wasan kwaikwayo, nazarin rubutattun wasanni, wasannin gargajiya, kuma dole zai hau dandamali ya taka rawa a wasan aji ko yana so ko ba ya so. Kada ya ɗauki wannan ɓata lokaci. Wanda bai taɓa tsayawa ƙarƙashin fitila ba ba zai san yadda take kashe ido ba, wanda bai iya karanta wasa ya gane inda labari ya juya ba kuwa ba zai san inda zai sauya haske ba. Daga shekara ta uku ne ake barin ɗalibi ya zaɓi inda zai ƙware, ya kuma yi aikin kammalawa a kai.

A reshen fasaha ana koyar da zanen shimfiɗar dandamali kamar yadda ake zana taswirar gida, yawanci a ma'aunin 1:50, sai ƙaramin samfuri na kwali a ma'aunin 1:25, wato kowace mita 1 ta zama santimita 4. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai fito santimita 6.8, kuma ana yanka ɗan mutum-mutumin kwali a tsayar a ciki don a ga ko ƙofa ta yi girma ko ta yi kaɗan tun kafin a sayi katako. Ana koyar da layin gani, wato a zauna a kujerar ƙarshe ta gefe a ja layi a ga abin da mai zama a wurin zai gani da abin da zai ɓoye masa. Sai aikin katako da fenti, taswirar fitilu, lissafin wuta, sauti, sutura da kwalliya, da aikin mai kula da dandamali, wanda shi ne yake riƙe da littafin wasa yana ba kowa umarni a daren wasa.

Inda karatun yake da rauni shi ne kayan aiki. Ɗalibai suna da yawa, fitilu da na'urori kaɗan ne, har mutum yana iya gamawa da sakamako mai kyau alhali awannin da ya yi da hannunsa a kan na'urar sarrafa haske ba su taka kara sun karya ba. Maganin wannan shi ne duk hutu ya manne wa mai wayarin na gari ko masu hayar kayan sauti da haske, kuma a makaranta ya sa kansa cikin ma'aikatan bayan fage na kowane wasa, har na waɗanda suka girme shi a aji. Ya riƙa ajiye hotunan zanensa da na ayyukan da ya yi, domin masu ɗaukar aiki a wannan fanni su suke fara tambaya kafin takardar shaida.

Game da mahaifinsa, a lissafa masa wuraren aikin: gidajen talabijin irin su ARTV, NTA da Arewa24, masana'antar finafinan Hausa, ɗakunan taro da na biki a Kano da Dutse, hukumomin raya al'adu, ƙungiyoyin wayar da kai, da koyarwa. Duk musabaƙar Alƙur'ani ko babban wa'azi da ya taɓa halarta, wani ne ya kafa dandamalin, ya ja waya, ya saita lasifika. Wannan aikin ne ɗansa yake son ya koya da ilimi.

Mai Wayarin, Wudil:

Malam, ni maganar wuta zan yi, kuma ina roƙo a karanta ta da kyau domin a nan ne kaɗai kuskure yake iya cin rai.

Janareta mai kVA 2.5 ba wat 2500 yake bayarwa ba. Ana ninka adadin da 0.8, sai ya ba ka wat 2000. A cikin wannan ma kada ku wuce kashi 75 cikin 100, wato wat 1500, saboda yawancin ƙananan janaretocin kasuwa ba sa kai abin da aka rubuta a jikinsu, kuma amfilifaya tana fizgar wuta duk lokacin da sauti ya tashi. To a kan wat 1500 za ku yi kasafi. Tsohuwar fitilar halojin guda ɗaya wat 500 take ci, guda 3 sun cinye kasafin gaba ɗaya ba a kunna lasifika ba. Ku manta da ita. Fitilar LED irin ta haska tsakar gida mai wat 50 ita ce daidai ku. Guda 8 wat 400 ke nan, ku ware wa sauti wat 600, ga ragowar da za ta ɗauki ƙwai biyu na bayan fage da hanyar fita.

Idan za a saya, a lura da launin hasken. A jikin kwali za ka ga 6500K ko 3000K. Na farko shi ne fari fat mai ɗan shuɗi-shuɗi, shi ya fi yawa a kasuwa, kuma idan shi kaɗai ya bugi baƙar fata sai fuska ta yi toka-toka kamar marar lafiya. Na biyu yana da ɗan ruwan ɗorawa, yana fito da fuska da kyau. Ku sayi 3000K guda 5 ko 6, sauran farare.

Wurin kafawa ya fi yawan fitilun muhimmanci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye fitila a ƙasa gaban 'yan wasa tana kallon sama. Hakan yana jefa manyan inuwoyi a bango yana kuma sauya kamannin fuska. Ɗaya kuskuren shi ne a rataye ta daidai saman kai, sai idanu su zama ramuka baƙaƙe, hula ta rufe rabin fuska. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce haske ya sauko daga gaba a kusurwar digiri 45, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Don samun digiri 45 daga nisan mita 4, sai fitilar ta kai tsayin mita 5 da rabi, wanda da wuya ku samu sanda irin wannan. Digiri 30 ya wadatar: sanda mai tsayin mita 4 a nisan mita 4 daga ɗan wasa. Ku kafa sanduna 2, ɗaya a kowace kusurwar gaba, kowace da fitilu 3, ta dama ta haska zuwa hagu, ta hagu zuwa dama, hasken ya haɗu a tsakiya. Sauran 2 ku ɗaga su a baya su sauko kan kafaɗun 'yan wasa, su ne za su raba mutum da bangon da ke bayansa. A binne kowace sanda aƙalla santimita 60 a dandaƙe ƙasar, sannan kowace fitila a ƙara mata ɗaurin waya ban da notinta, don ko ya kwance ba za ta faɗo kan yaro ba.

Irin waɗannan fitilu ba a rage musu haske da na'urar rage hasken ƙwai ta gida, ƙyaftawa za su riƙa yi ko su ƙone. Ku yi allo na katako mai makunnai 4, a raba fitilun rukuni-rukuni: masu ɗumi, farare, na baya, na 'yan kallo. Rana a wasa, a kunna duka. Dare, a bar farare biyu da na baya. Wannan ya ishi wasan awa ɗaya. Idan kuma kun yi hayar fitilu masu sauya launi da ake sarrafawa ta DMX, wato tsarin aika wa fitilu umarni ta waya ɗaya, kowace sai an ba ta adireshi, wato lambar layin da za ta fara karɓar umarni a kai. Idan fitila tana cin layi 7, ta farko 1, ta biyu 8, ta uku 15, ta huɗu 22. Idan adireshi ya hau kan wani, za ka taɓa ja a wannan, waccan ta kama walƙiya, a yi ta zargin na'ura alhali lissafi ne. Idan suna rawa da kansu, yawanci wayar makirufo aka yi amfani da ita a doguwar tafiya, ko ba a toshe fitilar ƙarshe da ɗan resisto mai om 120 ba.

Waya: daga janareta zuwa allo a sa mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ta tagulla tsantsa, mai jijiya 3. Akwai ta jabu, alminiyon ne aka shafa wa tagulla, idan ka kankare bakinta da wuƙa za ka ga fari. Tana zafi tana kuma zubar da ƙarfin wuta. Ko ta kirki ce, amfiya 10 a tafiyar mita 50 tana rasa kusan bolt 9 a waya mai 2.5, kusan 14 da rabi a mai 1.5. Shi ya sa amfilifaya take ɗaukewa idan aka ja ta da siririyar waya. Kada a bar ragowar waya a naɗe tana ɗauke da kaya, a warware ta duka, naɗaɗɗiya zafi take tarawa har roba ta narke. Ban yarda da haɗin murɗa waya a naɗe da leda ba a wurin da yara suke yawo babu takalmi. A sa filogi da soket, a ɗaga mahaɗar daga ƙasa, inda waya ta tsallaka hanya a tona ɗan rami a binne ta.

Abu biyu da ba a sasantawa a kansu: a kafa ƙarfen ƙasa kusa da janareta a haɗa shi da jikinsa, a jiƙa wurin da ruwa saboda ƙasar rani busasshiya ce, sannan a sa bireka mai gano yoyon wuta ta miliamfiya 30 a farkon layin. A danna maɓallin gwajin da ke jikinta kafin a fara, kuma mai wayarin ya tabbatar tana aiki da irin haɗin wannan janaretan, don a wasu ƙanana sai an gyara haɗin kafin ta iya yanke wuta. Janareta ya zauna a fili nesa da jama'a mita 25 zuwa 30, bayan katanga, ba cikin aji ba ko da ƙararsa ta dame ku, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, don haka a kai shi kudu maso yamma da taron. A cika tanki kafin a fara, ba a ƙara fetur yana aiki. Yaron ya yi lissafi da zane da kafa fitilu, amma haɗin janareta da bireka babban mai wayarin ya tsaya a kai.

Malama Mai Zanen Dandamali, Bichi:

Sannunku da ƙoƙari. Bayanin Mai Wayarin daidai ne, sai dai ina da ja a kan abu ɗaya da kowa ya ɗauka tamkar dole: cewa sai an gina dandamali mai tsayi an kuma yi wasan da dare.

Malam, ka fara tambayar kanka mutum nawa za su zo. Idan ba su wuce 200 zuwa 300 ba, ƙasa ta ishe ku. A share fili mai faɗin mita 7 da zurfin mita 5, a yayyafa ruwa a dandaƙe saboda ƙura, a ja iyaka da farar ƙasa ko toka. 'Yan kallo su kewaye ta gefe uku: yara a tabarma a gaba, mata da dattawa a bencina, matasa a tsaye a baya, ɓangaren mata daban kamar yadda aka saba. Tsayin 'yan kallo ne yake hawa, ba na 'yan wasa ba, kuma kowa yana kusa har murya ta isa. Haka mutanenmu suka saba kallon tashe da dambe da wasannin dandali. Ɗakin wasan Jami'ar Ahmadu Bello ma da aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, wanda Steven Ehrlich ya zana, fasalin gidan Bahaushe aka bi, fili a tsakiya da ɗakuna kewaye, ba dogon zaure mai labule a gaba ba. Idan kuma aka fara bayan La'asar, rana ce fitilarku. 'Yan kallo su ba yamma baya, hasken ya sauka a fuskar 'yan wasa, a ɗan karkata filin don kada ta shiga idonsu kai tsaye. Awa ɗaya za ta ƙare kafin Magariba, iyaye mata su samu zuwa, kuɗin fitila ya koma sutura.

Idan taron ya fi haka girma ko shugaban makaranta ya dage sai dandamali, to ga yadda ake yi. Fallen filawud ƙafa 8 ne da ƙafa 4. A sayi mai kaurin milimita 18, ƙasa da haka lanƙwasawa yake yi. Dandamali mai ƙafa 24 da 16 zai ci falle 12. Kowane falle a yi masa firam nasa da katakon da kafintoci ke kira tu-bai-fo, a tsaye a kan gefensa ba a kwance ba, da 'yan sanduna a ciki kowace ƙafa 2. Ƙafafu 6 ga kowane falle, tsayi santimita 45 zuwa 60. Ƙafar ta zauna ƙarƙashin firam ta yadda katako ne yake ɗaukar nauyi, ba ƙusa ba. Abin da yake rusa irin wannan dandamali ba nauyi daga sama ba ne, girgiza ce ta gefe idan yara 15 suka yi tsalle tare, don haka a buga katako a karkace tsakanin ƙafafu ta kowane gefe, a ɗaure fallayen da juna da noti, a sa guntun katako ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta nutse a yashi. Tebura da bencinan aji da aka jera aka rufe da darduma ba dandamali ba ne, rabuwa suke yi ƙafar yaro ta faɗa tsakani.

Bangon baya a fili abokin gābarsa iska ce. Allo mai ƙafa 4 da 8 kusan murabba'in mita 3 ne, iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa tana tura shi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 20, kuma daga sama take tunkuɗa shi. Kowane allo a yi masa matokari mai kusurwa uku a baya, a ɗora buhun yashi 2. Zana ta fi dacewa da ku: iska tana ratsa ta, tana da arha, kuma wasan ƙauye ne, da an ga zana da randa da turmi an san gida ne. Rijiyar wasanku a yi ta da rabin ganga a lulluɓe da buhun da aka shafa wa taɓo. Amma zana makamashi ce. Kada wata fitila ko mahaɗar waya ta kusance ta ƙasa da mita 1, kada a kunna wutar gaske ko aci-bal-bal a cikin wasa, a ajiye bokitin yashi 2 a kowane gefe. Labulen auduga ana iya rage masa saurin kamawa da wuta idan aka narka boras giram 700 da hodar borik giram 300 a ruwan ɗumi lita 6 da rabi, aka tsoma shi aka shanya ba tare da ɗaurayewa ba. A yanki ƙyalle a gwada da ashana kafin a yarda da shi. A yadin roba ba ya aiki, shi narkewa yake yi yana ɗiga.

Fenti a yi amfani da na ruwa, mai mai yana ƙyalli ƙarƙashin fitila. Sutura kuma a guji fari ƙal. Farar shadda tana mayar da haske har fuskar mai sanye da ita ta dushe. A tsoma farin yadi a ruwan shayi mai kauri ya ɗan yi ƙasa-ƙasa, daga nesa fari za a gani. Kuma kada launin rigar babban ɗan wasa ya yi kama da na zana, zai ɓace a cikinta.

Malamin Adabi, ƙasar Birnin Kudu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malama, shawararki ta La'asar ta shige ni, zan kai wa shugaban makaranta. Na duba, yaron yana da rajistar Adabin Turanci, alhamdu lillahi. Saura sauti. Wanda yake kiɗan biki a garin zai ba mu lasifika 3, amfilifaya, ƙaramar mikisa da makirufo 4, biyu marasa waya. Matsalar kayansa ita ce kuwwa, da an ɗaga murya sai su kama ƙara. Me ke jawo haka?

Mai Sauti, Ringim:

Malam, kuwwa tana faruwa ne idan makirufo ya ji abin da lasifika ta fitar, ya sake aika mata, ta sake fitarwa, abin ya yi ta zagayawa. Masu kiɗan biki sun saba jera lasifika a bayansu, shi ya sa. A kawo lasifikan gaba da layin da 'yan wasa za su tsaya, ɗaya dama ɗaya hagu, suna fuskantar 'yan kallo, a ɗaga su sama da kan mutum, kamar mita 2. Idan suna ƙasa, jikin sahun gaba ne zai shanye sautin, na baya su ce a ƙara, a ƙara ɗin kuma kuwwa ta tashi. Idan kun bi tsarin Malama na kewaye gefe uku, a karkata kowace zuwa waje kaɗan, kuma a ja wa 'yan wasa layi a ƙasa wanda ba za su tsallaka da makirufo ba.

Lasifika 2 za ku yi amfani da su, ba 3 ba, sai an duba bayansu. Idan kowace om 8 ce, biyu a layi ɗaya sun zama om 4, uku sun zama ƙasa da om 3. Yawancin amfilifayoyi om 4 ne iyakarsu a kowane ɓangare, ƙasa da haka zafi za ta yi ta ɗauke a tsakiyar wasa ko ta ƙone. Ɗaya a kowane ɓangare shi ne mafi aminci. Ta ukun a bar ta a matsayin ta ko-ta-kwana.

Wajen saiti, a rufe komai tukuna. A ɗauki makirufo ɗaya, yaron da ya fi kowa ƙarfin murya ya faɗi layinsa mafi ƙarfi, a murɗa maɓallin farko na saman layin har fitilar ja ta fara ƙyaftawa, sai a dawo da shi baya kaɗan. Haka za a yi wa kowane. Bayan nan a ɗaga babban maɓalli a hankali har a ji alamar kuwwa na shirin tashi, a sauke shi, a manna tef a wurin. Wannan ce iyaka, ko wa ya ce a ƙara. A rage bes, wato kaurin sauti, a layukan magana, idan akwai maɓallin yanke ƙasa mai lamba 80 ko 100 a danna shi, a kashe eko gaba ɗaya. Eko na waƙar biki ne, a wasan kwaikwayo cinye kalmomi yake yi. Duk makirufon da ba a magana da shi a rufe layinsa, domin kowane buɗaɗɗen makirufo yana matso da kuwwa kusa. Kuma a hana yara rufe kan makirufo da tafin hannu irin na mawaƙa, hakan yana sa ya ji ta ko'ina.

Makirufo 4 ba za su ishi 'yan wasa 12 ba, kuma miƙa shi hannu zuwa hannu yana kashe wasa. A kafa masu waya biyun a kan sanduna a gaban fili, a tsara manyan maganganu su faɗo kusa da su, marasa wayar a ba manyan 'yan wasa biyu. Sauran a horar da su ɗaga murya da fuskantar jama'a. A sa sababbin batura masu kyau a ranar, a riƙe wasu a aljihu, a sa wa kowane kai soso saboda iskar hunturu. Idan ana jin gurnani a lasifika ko ba a magana, wayar sauti ce ta kwanta a jikin wayar wuta, a raba su da taku ɗaya, inda dole su haɗu su gitta juna. Mikisa da amfilifaya su sha daga soket ɗaya.

Kunnawa: janareta ya yi minti 2 ko 3 ya daidaita, sai mikisa, amfilifaya a ƙarshe. Kashewa: amfilifaya farko, janareta ƙarshe. Mikisar ta zauna cikin 'yan kallo ko bayansu, ba bayan zana ba, mai saiti sai ya ji abin da jama'a suke ji.

Tsohon Ɗalibin Samaru:

Ƙari ɗaya Malam, tunda kana so mahaifin ya ga aikin. Ka naɗa yaron mai kula da dandamali, ka ba shi kwafin wasan a manne a babban littafi, shafin hagu rubutun wasa, na dama fari. A farin shafin zai rubuta kowace alama da lamba daidai kalmar da za ta faɗo a kai: Sauti 1, Haske 1, shigar wane, fitar da turmi. Kowace alama kira biyu gare ta, "shirya" kamar rabin minti kafin lokaci, sannan "tafi" a kan kalmar. Ba wanda zai taɓa maɓalli sai ya ji "tafi" daga bakinsa, har kai.

Kwana 3 kafin wasa a yi gwajin alamu zalla, ana tsallake dogayen maganganu ana tsayawa kan wuraren sauyi, a maimaita duk wanda ya karkace har ya zauna. Kwana 2 kafin wasa a yi cikakken gwaji da sutura, da janaretan da za a yi amfani da shi, a daidai lokacin da za a yi wasan, domin a ga inda rana take da yadda iska take kaɗawa, a kuma auna man da aka sha. Ranar da ta rage ta gyara ce. Zanen filin a ma'aunin 1:50, lissafin wat ɗin da Mai Wayarin ya nuna, jerin kayan da aka aro da sunan mai kowanne, da littafin alamun, duk ya haɗa su a fayil ɗaya ya ajiye. Takardar sanar da dagaci da ta gayyatar iyaye kuma su fita aƙalla mako 2 kafin ranar.